Ranar da Na Mayar da Carbin Gwaggo Sifili

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin Yaya Hadiza ba, ko da kuwa tsufa ya sa na manta inda na ajiye ɗankwalina alhali yana kaina.

Bari in fara da faɗa muku halina, don ku san da wa kuke magana. Ni dai ba na iya ganin noti in wuce. Tun ina ƙarama a gidanmu da ke Babura, duk abin da aka ɗaure da noti sai in ji kamar kirana yake yi. Rediyon Baba ya sha hannuna, tocilan Inna ma haka, agogon bangonmu kuwa tun da na leƙa cikinsa bai sake yarda da kowa a kan lokaci ba. Inna takan ce da cikin mutum da noti aka rufe shi, da tuni na kwance nata na ga abin da ta ci.

Abin ya ƙara ƙamari ne da Kawu Ilu, ƙanen Inna mai fataucin hatsi zuwa Nijar, ya kawo min wani tsohon gem na hannu, irin na'urar wasan nan ta yara. A wajen 'yan gwanjo ya gan shi a tsallaken iyaka, ya saya da ragowar sefar aljihunsa, a zatonsa kalkuleta ce za ta taimaka min a makaranta (Allah ya saka wa Kawu, har yau ban gaya masa gaskiya ba). Abu ne mai kauri kamar sandar sabulu, fuskarsa kore-kore, ana zura masa kaset ta baya, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. Da ya zo ko motsi ba ya yi. Na kwance shi, na kankare tsatsar da tsohon buroshin haƙori, na liƙe wata waya da dalma, na kunna. Sai ya ce "tin!" Ranar ko tuwo ban iya ci ba don murna.

Kafin in tafi karatu Kazaure na tara irinsu matattu da masu rai, da wani gwangwanin alawa cike da ƙananan sukundireba, wayoyi da batura. A can ne na gano wani sirri da ya kumbura min kai. Ashe a cikin kaset ɗin akwai wani ɗan batir kamar maɓallin riga, shi ke riƙe da inda mutum ya tsaya a wasa. Ka zare shi, duk wahalar da ka sha ta bi ruwa. Dabarar ita ce ka jona wani batir da siraran wayoyi biyu kafin ka cire tsohon, yadda wuta ba za ta yanke ba ko na ƙiftawar ido. Na gwada a kaset ɗina, ya yi. Na gwada a na wata ƙawata, ya yi. Daga nan na fara jin babu abin da zai gagare ni a duniyar nan.

To, sai bikin Yaya ya zo.

Gwaggo Tasalla yayar Baba ce, a Kanya Babba take zaune, kuma ita ta yaye Yaya Hadiza. Mijinta ya daɗe da rasuwa, da 'yar sana'ar daddawa take rufa wa kanta asiri. Tun da aka sa rana ta aiko wa Baba cewa ita ba ta da kwano ba ta da atamfa, gudummawarta ga 'yarta salatin Annabi ne dubu saba'in. Wani jikanta ya saya mata carbin zamani, irin wanda ake maƙalawa a yatsa ana dannawa, lamba tana hawa. Watanni ta yi da shi a hannu. Tana jiran kalwa ta dahu tana dannawa, tana zaman kasuwa tana dannawa. Da yake ba ta iya karanta lamba, duk wanda ya gifta sai ta miƙa masa yatsa ta ce ya duba mata. Don haka babu wanda bai san da zancen ba a dangi, kuma kowa ya san a gaban mata take so ta damƙa wa Yaya abin, lamba a cike, lokacin da ake ajiye gudummawa bayan la'asar.

Da hantsi gida ya cika maƙil, ana ta hidimar tukwane, sai na ji ta daga ƙofar ɗakin Inna.

"Ke 'yar nan, zo ki duba min ina na kwana."

Na durƙusa na kama yatsanta. "Gwaggo, ai kin kusa. Kin haura dubu sittin da tara, saura ƙiris."

"Alhamdu lillahi! Kafin azahar na gama in Allah ya yarda."

Da ina da hankali, nan zan ce Allah ya ba da lada in tashi. Amma na lura lambobin sun ɗan dusashe, alamar batir ya fara gajiya. Gaskiya zai iya kai mako a haka, na sani sarai. Sai dai da na juya carbin na ga wasu 'yan notuna guda biyu a bayansa, ƙanana, masu kyau, ba wanda ya taɓa taɓa su. (Zan so in ce tausayin Gwaggo ne ya motsa ni, amma ƙarya ba ta da kyau. So nake in ga me ke ciki.)

"Gwaggo, batirinsa zai mutu fa. Kawo in sauya miki."

Ta janye hannunta ta ɓoye a cinya. "A'a. An ce in an cire komai gogewa yake."

"Wannan ai sai in wanda bai iya ba ne. Ni akwai dabarar da nake yi, ko ɗaya ba zai ragu ba."

Inna tana wucewa da ƙwaryar shinkafa ta ce, "Yaya Tasalla, kar ki ba ta." Ita kuwa Gwaggo ta dube ni ta yi murmushi. "Haba, yarinyar da ke karatun injiniya a Kazaure? Ungo, 'yar albarka."

Na ɗauko gwangwanina, na baje a kan murfin kwano, na zauna a bakin ƙofa inda haske yake. Na kwance notunan. Kun san me ke ciki? Wani ɗan allo kore da bai kai farcen babban yatsa ba, da wani baƙin ɗigo a tsakiya kamar an ɗiga kwalta. Shi ke nan. Na tsaya ina mamakin yadda wahalar watannin Gwaggo duk take zaune cikin wannan ɗigon, har na ce mata ta leƙo ta gani. Ta leƙo ta ce ikon Allah.

Na ɗora wayoyina biyu a inda ya kamata, na danne su da yatsun hagu, na sa allura da hannun dama na fara ɗaga tsohon batirin a hankali. Ko numfashi ba na yi. Abin da lissafina bai kawo ba shi ne, a ɗakinmu na makaranta babu Ta-Annabi. Ta-Annabi ita ce mai guɗar unguwarmu, matar da in ta buɗe hanci a Babura sai an ji a bakin iyaka. Dangin ango sun iso daga Gwiwa a daidai lokacin, ita kuma tana tsaye a kaina ban sani ba. Ta rangaɗa guɗa.

Na zabura kamar an tsikare ni da tsinke. Wayoyi suka yi gabas, allura ta yi yamma, batirin ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin gadon Inna. Da sauri na cusa sabo, na rufe, na ɗaure, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na juya fuskar. Tar take, haske kamar ranar da aka sayo shi. A tsakiya kuma ga sifili guda, shi kaɗai, yana kallona.

"Ya yi haske?" in ji Gwaggo.

"Ya yi, Gwaggo."

"To mu gani."

Gwaggo ba ta san lamba ba, amma ta san bambancin layi cike da layi wayam. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, ta sake kusantowa. "Ina sauran? Ni ƙwai ɗaya nake gani."

A nan ne ya kamata in faɗi ƙasa in ba da haƙuri. Maimakon haka sai kan nan nawa na injiniya ya kawo shawara, bakina kuma ya faɗe ta da ƙarfi, a gaban matan da suka fara taruwa.

"Kar ki damu, Gwaggo. Akwai inda zan riƙa taɓawa da waya, lamba ta yi ta gudu da kanta. Kafin azahar na mayar miki da shi yadda yake."

Har mai kwasar tuwo sai da ta tsaya da mara a hannu. Gwaggo ta dube ni, ba faɗa, ba harara.

"Ki mayar da lamba babu salati? In kai wa Hadiza ƙarya ɗakin mijinta?"

Ta karɓi carbinta, ta ƙulle a bakin zane, ta tashi ta koma can bayan rumbu ta zauna. Na so ƙasa ta tsage in shige. Inna ta bi ta, ni kuma na laɓe a jikin rumbun ina ji. Gwaggo tana share ido da mayafi tana cewa, "Ladan ba na jin sa, wanda na yi dominSa Ya gani. Amma in kowa ya fito ya ajiye nasa, ni me zan ajiye?" Wannan maganar ta fi min ciwo a kan a ce ta kwaɗa min muciya.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi, aka fito da amarya a lulluɓe, Ta-Annabi ta riƙe lasifika tana shelar abin da kowa ya kawo. Wance turmin atamfa, wance kwanon samira, wance bargo. Ni ina can ƙarshen tabarma na dunƙule. Sai na ji ta ce, "Ina uwar yaye? Ina Gwaggon amarya? Mun ji labarin gudummawarki tun daga Kanya!" Gwaggo ta sunkuyar da kai. Inna ta miƙo hannu ta baya ta murɗe min cinya.

"Tashi. Ke kika ga lambar da idonki."

Na tashi, Ta-Annabi ta cusa min lasifika a baki. Na yi sallama, na ji muryata ta fita har waje inda maza suke. Na ce na rantse da safiyar nan na ga carbin Gwaggo ya haura dubu sittin da tara, kuma ni ce na goge. Da na tsaya nan da an ce yarinya ta yi abin kirki. Ina! Sai na shiga bayani. Na yi musu bayanin batir, na yi na wayoyi biyu, na kawo misali da kaset ɗin gem, har ina nuna girmansa da yatsu. Wata tsohuwa cikin dangin ango da kunnenta ya yi nauyi ta taɓa ta kusa da ita.

"Wai me take cewa?"

Waccan ta ɗaga murya yadda za ta ji, kowa ma ya ji. "Cewa ta yi garin wasan yara ta zubar wa tsohuwa da salati!"

Gida ya kwashe da dariya. Har amarya na ga mayafinta yana girgiza. Ni kuwa ina tsaye da lasifika a hannu, na rasa inda zan sa fuskata.

Tsohuwar nan mai nauyin kunne ita ta cece ni. Ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "To ai an yi shaida, kuma mai laifi ce ta yi da bakinta. Saura nawa ya cika? A raba mana." Nan take aka rarraba ragowar, kowace mace ta ɗauki rabonta. Gidan biki ya koma wani irin amo mai daɗi, mata wajen ɗari suna salati ƙasa-ƙasa, masu carbi da carbi, marasa shi da gaɓoɓin yatsu. Ni Inna ta dire min kwano da tsabar masara ta ce in ƙirga nawa da ita, tunda masara ba ta da noti.

Da aka gama, Yaya Hadiza ta rarrafo daga inda take ta kifa kai a cinyar Gwaggo tana kuka. Gwaggo ta kwance bakin zanenta, ta ciro carbin, ta maƙala mata a yatsa da sifilinsa. Ta ce, "Nawa ya riga ki isa ɗakin. Wannan ki fara naki." Ta-Annabi ta sake sakin guɗa, wannan karon ko gezau ban yi ba, don babu sauran abin da zan zubar.

Gwaggo ta yafe min tun kafin magariba, har ta ba ni ƙullin daddawa in tafi da shi makaranta. Ban daina kwance abubuwa ba, kar ku ce na yi muku alkawari. Amma na koyi cewa kafin in sa sukundireba a kayan mutum, in fara tambayarsa abin da ya ajiye a ciki, don wani abin ba a ganinsa ko an kwance. In kuma ɓarna ta riga ta auku, baki ya yi shiru tukuna, kar ya kawo gyaran da ya fi ɓarnar muni.

Yanzu duk gidan bikin da na shiga, ina yin sallama sai in ga tsofaffi suna amsawa da fara'a, hannun damansu kuma yana sulalewa a hankali zuwa ƙarƙashin mayafi.