Nomau da Furfurar Yayansa

A Tungar Maƙera akwai wani gida mai mutum biyu da akuya ɗaya: Barau, wanda matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, da ƙanensa Nomau. Nomau ya ba arba'in baya, ga ƙarfi ga biyayya, sai dai abin da ka faɗa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya duba tukunya, zai tsaya yana dubanta har ta ƙone.

Ana nan sai zuciyar Barau ta kamu da son Kande, wata bazawara mai sayar da daddawa, har ta ce ya zo zance ranar Juma'a. Abin da ya hana shi sukuni furfura ce, kai da gemu fari fat, ga wani direba mai baƙin gashi yana ta zarya a ƙofarta. Tsoro yake ji kada ta ce ya tsufa, shi kuwa kaɗaici ya ishe shi.

Wata rana ya ce, "Nomau, je kasuwa ka sayo mini rinin gashi. Ka zaɓi wanda ya yi daidai da gashina." Nomau ya sa hannu ya tsige masa silin gemu uku, don kada a yi kuskure. Ya zaga kantuna yana gwadawa: baƙi bai yi ba, jan lalle bai yi ba. Da la'asar ya dawo da ƙunshin alli. "Yaya, wannan kaɗai ya yi daidai."

Wata rana kuma Barau ya haɗiye fushi ya sake aikensa. "Baƙi nake so. Kuma ka bi duk abin da mai kanti ya ce." Mai kanti ya miƙa masa kwali ya ce, "Yakan sa wasu ƙaiƙayi. A ɗiga kaɗan a bayan kunne, a jira kwana biyu." Nomau ya ɗiga a bayan nasa kunnen, ya shimfiɗa buhu a ƙofar kanti ya zauna. An yi kora, an yi lallashi, ko gezau. Sai ranar Alhamis Barau ya gano inda yake. Nomau ya ce, "Yi haƙuri, Yaya, saura rabin wuni."

Wata rana, ita ce Juma'ar, Barau ya dama rinin a kwano, ya zauna a inuwar darbejiya ya ce, "Shafa duk inda ka ga fari." Iska na kaɗawa, gyangyaɗi ya kwashe shi. Nomau ya dubi gidan da kyau. Farin da ya fi girma shi ne babbar rigar zance da ke kan igiya. Ya fara da ita, ya bi da hula, ya ƙarasa da goshin akuya. Rini ya ƙare bai kai ga kan Yaya ba.

Da Barau ya farka ko faɗa bai iya yi ba. Wanda ya aiki Nomau har sau uku, ai ya kuka da kansa. Ya sa tsohuwar riga, ya tafi jiki a sanyaye.

Kande ta daɗe tana kallon kansa, sannan ta ce, "Malam Barau, jiya direban nan ya zo, zufa na gangaro masa baƙa wuluk har wuya. Na ce wanda ya ɓoye mini gashin kansa, me zai nuna mini?" Sai ta ɗan ja ɗankwalinta baya. Furfura ce fal. "Mako guda ina tsoron ka gani."

Da ya dawo gida, Nomau ya tare shi da kwano a hannu. "Yaya, a sayo wani? Kanka ne ya rage."

"Bar shi, Nomau. Na samo wadda ta yi daidai da shi."