Yadda Za Ka Gina Wa Surukarka Wurin Wanka Ko Da Ba Ka Taɓa Riƙe Guduma Ba

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan ka bi matakan nan yadda na jero su, na yi maka alkawarin abu biyu. Za ka samu wurin wanka na zamani, irin wanda ake shiga kai tsaye, babu baho babu dakalin tsallakawa. Kuma sunanka zai zaga dangin matarka. Ta wace fuska zai zaga, wannan ba ya cikin alkawarin.

Ni dai ban taɓa manna tayil ba, kuma ba ni da niyya. Ilimin nan kaf daga aminina na kwaso shi, wanda muke kira Gwani tun ranar da ya gyara fankar ofishinsu ta koma juyawa da baya. Ma'aikacin ofis ne, tafin hannunsa laushi kamar na jariri. Yana zaune da matarsa da yaransu a saman wani bene, kuma gidan nasu ne, saboda haka babu mai gidan haya da zai cece shi daga kansa. Abin da ya yi, shi za ka yi.

Mataki na 1: Yi alkawari kafin ka yi tunani

Tunani yana kashe aiki. Ka jira lokacin da matarka take cikin damuwa, sai ka buɗe baki.

Surukar Gwani ta zame a banɗaki ta faɗi, aka yi mata aiki a gwiwa. Likita ya ce idan an sallame ta, kada ta riƙa ɗaga ƙafa tana tsallaka komai. A gidan Gwani za ta yi jinya, banɗakinsu kuwa baho ne a ciki mai tsayi har gwiwa. Matarsa tana ninke kaya ta ce, “Sai mun nemo mai aikin tayil ya cire bahon nan kafin Mama ta zo.”

Gwani ya ajiye wayarsa. “Mai aiki kuma? Ina nan da raina?”

Ta dube shi, ta dubi hannunsa, ta ci gaba da ninke kaya. “Gwiwar uwata ce fa.”

“Shi ya sa ba zan bar wa baƙo ba.”

Ka lura da wannan amsa, ka haddace ta. Ba ta da ma'ana ko kaɗan, amma tana rufe baki.

Mataki na 2: Fasa tukuna

Kada ka sayi komai, kada ka auna komai. Ɗauki guduma ka fasa bahon. Muddin bahon yana nan, matarka tana da hanyar komawa baya. Da zarar ya zama ɓaraguzai, ku biyun kun shiga jirgi ɗaya, kuma kai ne direba.

Gwani ya yi wannan da ƙwarewa. Ya haɗa har da bututun ruwan da ke bayan bahon, wanda bai san da zamansa ba sai da ya wanke masa fuska. Daga ranar iyalin gidan suka koma wanka da bokiti a ɗan ƙaramin bayin baƙi, suna bin layi da safe, kowa da tawul a kafaɗa, babu mai yi wa wani magana.

Mataki na 3: A shagon kayan gini, kada ka yi tambaya

Mai tambaya shi ake rainawa. Ka shiga da fensir a bayan kunne. Ka ƙwanƙwasa tayil da yatsa, ka kara kunne, ka girgiza kai kamar ka ji labari maras daɗi.

Abin da kake buƙata shi ne siminti, da tayil mai kaushi wanda ba ya santsi, da fentin roba mai hana yoyo, da wani ƙyalle mai kamar raga da ake mannawa a kusurwa inda bango ya haɗu da ƙasa. Mai shagon ya miƙo wa Gwani ƙyallen, Gwani ya ture shi da bayan hannu.

“Wannan na 'yan koyo ne,” in ji shi.

“To, Allah ya ba da sa'a,” in ji mai shagon. Ya mayar da ƙyallen, amma bai kai shi nesa ba.

Mataki na 4: Shafa fentin, sannan ka yi gwaji a kan maƙwabcinka

Ka gyara daɓen ya ɗan gangara zuwa ramin ruwa, domin ruwa ba ya jin lallashi, inda ƙasa ta karkata can yake bi. In ya bushe, ka shafe ƙasa da bango da fentin robar. Daga nan ka toshe ramin, ka tare bakin ƙofa, ka tara ruwa ya kai idon sawu, ka bar shi ya kwana. Idan ruwan bai ragu ba, aikinka ya yi. Idan ya ragu, kada ka wahalar da kanka da neman inda ya tafi. Za a zo a gaya maka.

Da safe Gwani ya leƙa ya ga wurin a bushe ƙayau. Yana tsaye yana yaba saurin bushewar fentin, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dattijon da ke zaune a ƙasansu ne, tsohon direban jirgin ƙasa, mutum mai sanyin magana. Yana rungume da filo, filon yana ɗiga.

Bayan sun gaisa, dattijon ya ce, “Na ce bari in kawo maka ruwanka. Sauran yana cikin katifa, ita kuwa ta fi ƙarfina.”

Gwani ya fara bayani a kan tsufan ginin. Dattijon ya saurare shi har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya miƙa masa filon, ya sauka.

Ranar nan Gwani ya koma shagon. Mai shagon yana ganinsa, ƙyallen kawai ya ɗora masa a kan teburin shagon. Gwani ya manna shi a kowace kusurwa, ya sake shafe wurin, ya bari ya bushe, ya ƙara wani shafin. A gwaji na biyu shi da dattijon suka zauna a ɗakin ƙasa suna kallon silin kamar masu kallon ƙwallo. Ko ɗigo bai sauko ba. Katifa da fentin silin kuwa, Gwani ne ya ɗauki nauyi. Ka sa wannan cikin kayan aiki tun farko.

Mataki na 5: Fara manna tayil daga bakin ƙofa

Masu aikin za su ce maka a fara daga ciki a fito waje. Kada ka kula su. Bakin ƙofa shi ido yake fara gani, can ya kamata ka zuba ƙarfinka tun da sauransa.

Haka Gwani ya yi. Ya gama bango, ya sauko ƙasa, ya durƙusa yana kallon ƙofa, yana mannawa yana ja da baya. Layin ya miƙe, hannunsa ya faɗa, har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa. Bai farga ba sai da bayansa ya taɓa bango. Ya miƙe ya duba. Tsakaninsa da ƙofa sabon tayil ne shimfiɗe a kan ɗanyen siminti, wanda a jikin buhunsa an rubuta kada a taka sai ya kama. Shi kuwa yana tsaye a lungu, a ɗan filin da bai fi faranti ba, da cokalin gini a hannu.

A daidai nan ya ji an buɗe ƙofar falo, ya ji muryar matarsa, ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas na sandar asibiti. An sallami Mama kafin ranar da aka sa.

Mataki na 6: Idan suruka ta same ka a lungu, ka tsaya a lungun

A nan sai na gaya maka wani abu game da Gwani. Tun da ya yi aure bai taɓa zama da surukarsa ya wuce gaisuwa ba. Ba ƙinta yake yi ba, tsoronta yake ji. Mace ce mai kallon mutum har sai ya tuna laifin da bai yi ba. Duk zuwan da za ta yi, sai taron gaggawa ya taso a ofishinsu.

Mama ta tsaya a bakin ƙofar banɗakin, ta dubi tayil, ta dubi surukinta.

“Sannu da zuwa, Mama. Ya jiki?” Ya so ya rusuna, wuri bai ba shi ba.

“Da sauƙi. Kai kuma ya tsayuwa?”

Matarsa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu numfashi ta ce za ta nemo katako a gitta masa ya tako.

“A'a,” in ji Mama. “Kada a ɓata aiki. A bar shi ya bushe. Kawo mini kujera.”

Aka kawo kujera, aka sa mata matashi a ƙarƙashin ƙafa, ta sallami 'yarta. Ta jingina sanda. “Yau dai babu taro a ofis ko?”

“Babu, Mama.”

Ta tambaye shi aikinsa, wanda ta ce har yau ba ta gane me ake yi a cikinsa ba. Ta tambaye shi dalilin da ya sa babban ɗansa yake tsoron lissafi. Ta tambayi labarin filon da ta gani a shanye a baranda, ya ba ta, ta yi dariya har ta riƙe gwiwa. Ƙafafunsa suka yi tsami, ya riƙa sauya su ɗaya bayan ɗaya kamar zakara a kan garwashi. Can sai ta juya tana kallon wurin da bahon yake a da.

“Tun da na faɗi,” in ji ta, “ban sake wanka ni kaɗai ba. A asibiti yara ƙanana ne suke tuɓe ni, suna ce mini sannu Mama, ɗaga hannu Mama. Yanzu kuma 'yar da na yi wa wanka ita za ta yi mini. Ba ciwon ne yake hana ni barci ba. So nake in shiga wuri in rufe ƙofa.”

Gwani ya dubi cokalin ginin da ke hannunsa. Tun da ya fasa bahon, tunaninsa bai wuce yadda za a yaba masa ba.

Ta ɗauki sandar, ta miƙa ta, ta nuna bango. “Ka sa mini ƙarfen dafawa a nan. Ba can sama ba, ni ba doguwa ba ce. Da wurin zama. In ka yi wannan, ko tayil ɗinka a karkace yake ban gani ba.”

“A karkace yake, Mama?”

“Na ce ban gani ba.”

Sai da rana ta yi sanyi simintin ya kama. Gwani ya fito da sanɗa, ya zube a gefen kujerarta, ya kasa tashi. Ita ma ba ta iya tashi ba sai da taimako. Haka matarsa ta zo ta same su, ta tsaya tana shawarar wanda za ta fara ɗagawa.

Mataki na 7: Yi abu ɗaya da kyau, amma ka san hatsarinsa

Ƙarfen dafawar nan, Gwani bai yi masa gwaninta ba. Ya koma shago ya yi tambaya, da bakinsa, a gaban mutane. Ya sa Mama ta tsaya ya auna tsayin hannunta. Da ya ɗaure ƙarfen, ya rataya a jikinsa da duk nauyinsa, ya kira dattijon ƙasa shi ma ya rataya. Ya cike tsakanin tayil da farin siminti, ya kawo kujerar wanka mai ƙafafun roba.

Ranar da aka buɗe wurin, Mama ta shiga da sandarta. 'Yarta ta biyo ta da tawul. Mama ta karɓi tawul ɗin, ta rufe ƙofa, suka ji ta murza makulli. Mata da miji suka tsaya a waje suna sauraren zubar ruwa. Ta daɗe ƙwarai. Matar Gwani ta share ido da gefen mayafi, ta kama hannun mijinta, wanda yanzu duk kanta ce da tabon siminti.

Da Mama ta fito, fuskarta fes, ta wuce su a hankali. Sai da ta kai ƙofar ɗakinta ta waiwayo.

“Ruwan yana ɗan taruwa ta hagu,” in ji ta. “Amma na gaya wa ƙawayena na wurin gashin ƙashi cewa surukina ya iya. Duk masu ciwon gwiwa ne. Na ba su lambarka.”

Kafin Gwani ya buɗe baki, waya ta fara ruri a aljihunsa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da zai biyo baya. Idan silin maƙwabcinka ya sauko, tsakaninku ne. Idan ka maƙale a lungu, kada ka kira ni, ba ni da katako. Idan kuma tsofaffin unguwa suka fara sallama a ƙofarka da sanduna, kowace tana cewa “kai ne yaron nan mai banɗaki?”, to ka buɗe musu, ka rusuna ka gaishe su. Gwani ma yana can gidan ta uku yanzu haka, kuma an ce daga ciki ya fara.