Ƙafar Auta Ba Makami Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsaron Ƙofofin Makarantu, uban masu gadi, ubangidan na'ura mai kuka, wanda ba mu taɓa ganin fuskarsa ba amma muke jin muryar aikinsa kowace safiya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da tambayar lafiyar iyali da ta na'urori, ina roƙon a yi mini afuwa da na biyo ta jarida. Na so in zo da ƙafata in durƙusa, sai aka ce mini ofishinka ma da na'ura a ƙofa. Ni kuwa mai aski ne. Ko na zazzage aljihuna kaf, sai an sami wata reza ta maƙale a ɗinkin riga.

Ina da 'ya a makarantar da ke bayan shagona. Auta muke ce mata, tana ajin ƙarshe. Bara ta faɗa ramin da aka haƙa don kafa ginshiƙin na'urarku ta binciken makamai, ƙashin ƙaurinta ya karye, likita ya sa mata ƙarfe a ciki ya ɗaure da kusoshi. Ban yi ƙorafi ba a lokacin, tunda an ce mana ramin ma na tsaro ne. Ta warke, tana tafiya, har da ɗan gudu in an kira ta cin abinci. Ana nan sai aka kafa na'urar. Tun daga ranar, da Auta ta sa ƙafa a ƙofa sai abar nan ta fashe da kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa.

To ga inda ciwon yake, yallaɓai. Dokar makaranta ta ce ɗalibin da makararsa ta yi yawa ba zai zauna jarrabawar fita ba. Malamar ajinsu ta aiko mini cewa saura ƙiris Auta ta faɗa cikin waɗannan. Wannan ne ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro. Sauran abubuwan da zan lissafa rakiya kawai suka yi.

Na ɗaya. Ina jinjina wa kwamitinku bisa layin da kuka samar wa unguwarmu. Da can ba mu da abin nuna wa baƙo, yanzu muna da shi. Yana tashi daga ƙofar makaranta, ya wuce gaban shagona, ya sha kwana wajen mai faci, ya ɓace. Ba wanda ya taɓa ganin ƙarshensa ya dawo ya ba da labari. Yara na fita tun duhu bai gama washewa ba, har zakaranmu ya daina cara, don ya gaji da a riga shi tashi. Waɗanda ke can wutsiyar layi kuwa, ƙararrawar tashi suke ji kafin su ga ƙofa, sai kawai su juya su zama na farko a layin komawa gida. Akwai yaron da ya shiga layin nan haɓarsa sumul, ni na yi masa gyaran gemu na farko, kuma har ya sauka daga kujerata na gabansa bai matsa ba. Ranka ya daɗe, wannan layin yana cikin manhaja ne? In yana ciki, yaushe za a yi jarrabawarsa? Yaranmu sun shirya.

Na biyu. Ina gode muku da yawan makaman da kuka ƙwace. Na leƙa kwandon mai gadi da idona, wallahi sai da gabana ya faɗi. Cokula fal! Ashe duk shekarun nan muna tura 'ya'yanmu makaranta da cokali ba mu san haɗarin da muke ciki ba. Yanzu da rula suke cin abinci, ta roba, kuma an ce mini hannunsu ya faɗa. Ƙarfen zana da'ira ma duk ya koma kwando, shi ya sa da murfin kwalba suke zane, duk da'irar da ke makarantar girmanta ɗaya, malamin lissafi ya haƙura ya koma koyar da kusurwa huɗu. Samari sun ajiye bel, kowa na tafe hannu ɗaya a ƙugu riƙe da wando, in malami ya ce wanda ya san amsa ya miƙe ya ɗaga hannu, sai kowa ya yi kamar bai ji ba. Telan da ke kusa da ni ya daina ɗinki gaba ɗaya, cire zif kawai yake yi, har ya yi ƙiba. Shi kuwa malamin aikin kafinta kullum ta gefen na'urar yake ratsawa da zarto a kafaɗa da guduma a hammata, mai gadi ya sara masa, tunda malamai ba a bincikensu. Na tabbata akwai hikima a ciki. Ƙwaƙwalwar mai aski ce ba ta kai ba.

Na uku, kuma nan ne nake roƙon ka gyara zama. Ƙa'idarku ta ce duk wanda na'ura ta yi wa kuka ya ajiye abin da ya sa ta kuka a kwando, ya koma ƙarshen layi ya sake gwadawa. Auta ta ajiye 'yan kunne. Ta ajiye agogo. Uwarta ta kwance maɓallan rigarta ta mayar da igiya, ta canza mata takalmi zuwa na roba. Abin da ya rage shi ne ƙafa, ita kuwa ba ta kwancewa, na duba. Saboda haka kullum Auta na iso ƙofa, a yi mata kuka, ta koma baya, ta sake isowa, a sake yi mata kuka. Ta gaban shagona take wucewa duk zagaye, har masu jiran aski sun saba, su ce: “Mai aski, ga Auta ta sake dawowa.” Sai rana ta take, a kashe na'ura don ta huce, sannan yarinyar ta shiga, a rubuta ta makara. Yarinyar da ta riga mai gadi zuwa ƙofa, ita ce sarauniyar makararru.

Na tari mai gadin da maganar. Mutumin kirki ne, abokin cinikina ne ma, duk mako nake ɗora masa reza a maƙogwaro ya lumshe ido ya yi gyangyaɗi, bai taɓa cewa a bincike ni ba. Na ce: “Haba mai gadi, kai fa ka ciro yarinyar nan daga rami da hannunka. Ka san abin da ke ƙafarta.” Sai ya ce: “Na sani mana, mai aski. Amma ni kunne aka ɗauke ni aiki, ba ido ba. In ta yi kuka, ta yi kuka.” Na ci gaba da askina.

Na huɗu. Na'urarku da wutar lantarki take aiki, wuta kuwa ka san halinta. Ran da aka fara ɗauke ta da safe, murna ta kama ni, na ce yau Auta za ta ga yadda darasin farko yake. Ina! Ashe kun riga kun tanadi tsari. In babu wuta, mai gadi ne ke tsayawa a gindin na'ura ya yi kukan da bakinsa. Tunda kuwa ba ya ganin cikin jaka, waɗanda ya san na'ura ta saba yi wa kuka su yake yi wa, don kada a ce ya yi son kai. Yaro ya wuce da buhu a ka, shiru. Auta ta matso, bawan Allah ya kawar da kai don kunya, ya tsuke baki ya ce ƙiii. Ta koma baya. Yallaɓai, ina roƙon a ƙara wa mutumin nan girma. Muryarsa ta fi ta na'urar daɗi, ba ya kuma buƙatar a kashe shi ya huce.

Na biyar. Kada a ce ban bi hanya ba. Na karɓo takarda wurin likita, da hoton ƙashi, ga ƙarfen nan raɗau a ciki. Auta ta riƙo su ta nufi ƙofa. Ashe likita ya haɗa takardun da fil. Na'ura ta yi kuka, takarda ta tafi kwando, tana can a ƙarƙashin cokula. Na je wurin shugaban makaranta, ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce shi ikonsa daga cikin ƙofa ya fara, abin da ke waje na kwamiti ne, in Auta ta shigo a kan lokaci zai duba matsalarta da idon rahama. Na ce ai shigowar ce matsalar. Ya ce to da zarar ta shigo a sanar da shi.

Daga ƙarshe dai ƙaramin kwamitinku ya zauna, Allah ya saka musu, suka aiko da hukunci ta bakin mai gadi: ɗaliba ba ta da laifi, tana iya shiga, ƙafar ce ba a amince da ita ba. Ranka ya daɗe, na juya hukuncin nan ta kowace fuska. Shin ta shiga ta bar ƙafar a shagona in riƙa dubawa? Ko ta zauna a dokin ƙofa, rabi ciki rabi waje, a rubuta rabinta ya zo da wuri? In ta ci jarrabawa, takardar shaidar ta wa ce, tata ko ta ƙafa ɗaya?

Na shida. Wannan sirri ne, tsakanina da kai da masu karanta jarida. Katangar bayan makaranta ta zube tun daminar da ta wuce. Ta nan awaki ke shiga, da masu tallar alawa, da duk yaron da ya gaji da layi, tsalle ɗaya ne sai ga shi a aji. Wanda duk ke da mugun nufi ba zai zo ya bi layi a bayan Auta ba. Masu bin ƙofarku iri biyu ne kawai, masu tsoron doka da waɗanda ba sa iya tsalle. 'Yata ta haɗa duka biyun.

Kada ka ɗauka ina ƙin tsaro. Ni ma uba ne, ina jin labarai a shago, wasu in na ji sai in dakata da aski. Ina so 'yata ta je makaranta ta dawo lafiya. Amma yaran nan da kuka tara a bakin titi tun da sanyin safiya, motoci na gifta su, wa ke tsaron su a can? Ko tsaron sai an shiga yake farawa, kamar ikon shugaban makaranta?

Yanzu ga abin da ya sa na kasa ƙara jira. Jiya Auta ta fita da kayan makaranta kamar kullum, amma ba ta wuce ta gaban shagona ba ko sau ɗaya. Masu jiran aski ne ma suka fara lura. Hankalina ya tashi, na bar mutum da rabin kai na bazama nema. Ashe asibiti ta tafi ita kaɗai, don ta roƙi likita ya cire mata ƙarfen. Likitan nan ya gaya mana tun farko, a gabanta, cewa in aka cire kafin ƙashi ya gama kamawa, ɗingishi ne har ƙarshen rayuwa. Ta sani sarai. Ta auna, ta ga gara ta rasa tafiya daidai da ta rasa jarrabawa. Yarinya ƙarama, yallaɓai, ita kaɗai ta yanke wannan a ranta, ko uwarta ba ta gaya wa ba. Da na ji, sai da na juya baya na goge ido.

A nan dole in yi muku godiya ta gaskiya. Asibitin ya ga nasarar da kuka samu, shi ma ya kafa irin na'urarku a makon jiya. A bakin ƙofa na sami Auta a zaune, an yi mata kuka an mai da ita baya har ta gaji. Na'urarku ce ta ceci ƙafar 'yata. Allah ya ƙara mata murya.

To ga inda muke. Ba ta shiga makaranta saboda ƙarfe, ba ta shiga asibiti a cire ƙarfe saboda ƙarfe. Yanzu haka da nake rubutun nan tana zaune a kujerar aski, cikin kayan makaranta da ta goge da kanta, littafi a cinya, tana bitar darasin da ba a koya mata ba. Jarrabawa ta matso. Ɗazu ta ɗago kai ta ce: “Baba, gobe wace ƙofa zan bi?” Na ce mata ta bari in tambayi masu ƙofofi.

Ga shi na tambaya, ranka ya daɗe. Tana jira.

Naka mai biyayya har ƙasa, wanda ba ya tsallake katanga, ba kuma zai koya wa 'yarsa ba,

Mai aski na bayan makaranta,
uban Auta.