Gaisuwar da Ta Tsayar da Taron Iyaye

Ranar da makarantar su Ilham ta ce za a yi taron iyaye ta waya, kowa na ganin kowa, fargabata ɗaya ce: kada matan ma'aikatan Unguwar Sarki su ce ba ni da tarbiyya, a raina min 'ya. Boko ban yi nisa ba, amma gaisuwa? Nan kam ba a fi ni ba.

Baban Ilham ya shigar da ni, ya fita. Duk fuskar da ta ɓullo sai in rusuna: "Sannu da zuwa, Hajiya. Ina gajiya? Ya yara?" Shugaban makaranta na tsakiyar jawabi wani dattijo ya shigo. Ai babba ne, na katse jawabin na gaishe shi.

Shugaban ya ce, "Maman Ilham, don Allah ki gaishe mu a dunƙule, mu samu mu tashi kafin la'asar."

Aka fashe da dariya. Na kife wayar a katifa ina salati, ashe duk suna ji.

Ilham dai har ƙawaye ta ƙara. Ni ce har yau in na kai ta, tun daga bakin ƙofa iyaye ke ɗaga murya: "Maman Ilham, mun shigo fa, ba a gaishe mu ba!"