Umarata ta Legas

Ba zan taɓa mantawa ba, akwai shekarar da na zama Alhaji a unguwar Takur da ke Dutse alhali ko hanyar Makka ban sani ba.

Lokacin an dawo da mu aiki Dutse bayan an ƙirƙiro jiha, iyalina suna Kano, ni kaɗai a ɗaki. Shekara uku ina unguwar, amma in ban da "sannu Malam" a ƙofar masallaci babu mai tanka mini. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai.

Sai ofis ya tura ni kwas na mako biyu a Legas, kuma a jirgin sama. Irin ƙananan nan ne masu inji biyu a wutsiya, waɗanda suka gama ƙuruciyarsu a Turai kafin a kawo mana su, iyakarsu Kano, Abuja, Legas. Tsoro ya sa na miƙe bayan sallar La'asar na ce, "Jama'a, jibi zan hau jirgi, a yafe mini." (A Takur ta wancan lokaci, wa ke hawa jirgi in ba mai zuwa Makka ba?) Liman ya ce, "Umara ke nan! Allah ya karɓa, a sa mu a addu'a." Aka yi ta miƙo mini hannu. Daɗi ya ɗebe ni, ban yi wa Liman gyara ba.

Ranar da na dawo, ɗakina ya cika maƙil da masu sannu da zuwa. Tsaraba fa? Ai tun a hanya na tsaya kasuwar Dutse na sayi dabino, na juye a faranti.

Baba Ɗanladi, dattijon maƙwabcina, ya ɗauki ɗaya ya tauna, ya daɗe yana duban ƙwallon.

"Alhaji, wannan na Madina ne?"

"Na can ne, Baba."

"Ikon Allah! Ashe dabinon bayan gidana har a Madina yake 'ya'ya. Shekara arba'in ina cin sa."

Da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, na ce, "Legas na je."

Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Aka yi ta neman takalma ɗaya bayan ɗaya. Wata guda cur a wani masallaci mai nisa nake sallah, in dawo in ci dabinon ni kaɗai.

Ashe ba a karatun sallah kaɗai ake yi wa liman gyara ba.