Kuɓewa a Cikin Draya

Ba zan taɓa mantawa da satin da Maman Hanif ta haihu ba, ko da na so mantawa ba za a bar ni ba. Lokacin kullen korona ne, muna zaune a unguwar Setapak a Malaysia, ƙofarmu na kallon tasu. Mahaifiyarta, Hajiya, ta shirya zuwa daga Kano ta yi mata wankan jego, sai aka rufe iyakoki. Ni kuwa da ba na ganin aiki in wuce, na dafa ƙirji na ce, "Ki kwantar da hankalinki, ni ce Hajiyarki."

Tun tana da ciki ba abin da take kwaɗayi sai miyar busasshiyar kuɓewa. Guzurin kowa ya ƙare, babu mai zuwa daga gida balle a yi saƙo. Ɗanya kam tana nan jibge a kedai, wato shagon da ke ƙasan bene. Na saya na yanka na shanya a baranda, kwana biyu ta yi funfuna, don garin nan kullum da yamma sai an yi ruwa.

Ranar da aka tafi da ita asibiti suka bar min makulli in gyara musu gida. Ina shara idona ya faɗa kan draya, injin busar da kayan wanki da suka tarar a gidan. Na tsaya ina kallonsa. Zafi ne da iska, me ya raba shi da rana? Na zuba yankakkiyar kuɓewa a rigar filo, na ƙulle baki, na kunna. (Har yanzu ina ganin tunanin bai da laifi, ƙullin ne ya ci amanata.) Da na buɗe, rigar filo na gefe guda, kuɓewa ta watsu ko'ina. Na tattare, na goge, na wanke matatar bakin ƙofa, na sake zubawa har sai da ta bushe ƙayau. Na niƙa na kaɗa miya.

Maman Hanif ta dawo ta ci tuwo tana lumshe ido. "Maman Sadik, ina kika samo busasshiya a Malaysia?"

"Ke dai ci," na ce, ina wani ƙasaita.

Washegari Baban Hanif ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da takunkumi a fuska. Draya na juyawa amma babu zafi, can sai ya yi ƙara ya tsaya, wata lamba na ƙyaftawa, E da huɗu. Jaririya na ɓata kaya sau babu adadi, shagon wanki a rufe, mai gyara ya ce ba zai iya zuwa ba sai an sassauta doka. Tawul da zannuwan goyo duk a jiƙe suke, an rataya su a kan kujeru sun fara tsami. Mai hankali a nan zai faɗi gaskiya. Ni sai na ce, "Ba ni rabin awa."

Na zauna da waya na yi karatun da ban yi wa jarrabawa ba. Na gano kowane kamfani da ma'anar lambobinsa. A irin nasu, wannan lambar na nufin matsalar zafi, kuma abu uku ke kawo ta: ko wayar da ke ɗaukar zafi ta ƙone, ko ma'aunin zafin ya lalace, ko kuma hanyar iska ta toshe har injin ya yi zafi fiye da kima ya kashe wutar da kansa. Na riƙe na farkon da hannu biyu, tun da shi ne babu ruwana a ciki.

Na shiga gidan kamar injiniya. Maman Hanif na kishingiɗe, an jingina waya da filas, Hajiya na ciki ta bidiyo tana duba yadda ake naɗe mata jika. Na gaishe ta, sannan na fara lacca.

"Element ne ya mutu, Baban Hanif, wayar nan da ke ɗaukar zafi. Tsohon inji ne ai. Ku gaya wa mai gidan haya ya canza muku."

"To ba a fara duba filter?" ya tambaya a hankali.

"Na riga ka. Duba ka gani." Na zaro matatar bakin ƙofa, tas da ita (ai ni na wanke). Daɗin cin nasara ya ɗebe ni, na ƙara da abin da ba a tambaye ni ba. "Akwai ma ta biyu a ƙasa, mutane da yawa ba su san da ita ba. Buɗe wancan murfin, ka ga ita ma lafiyarta ƙalau."

Ni ma a rabin awar nan na san da ita. Ban taɓa buɗe ta ba.

Ya durƙusa ya ja. Abin ya fito da ƙyar, wani ruwa mai kauri na bin sa, yana miƙewa daga injin har gwiwarsa bai tsinke ba. 'Ya'yan kuɓewa farare sun cika ramukan, tururi ya jiƙa su sun yi yauƙi. Ya ɗaga yana juyawa. "Wannan wane irin chemical ne? Ko shi ke sa zafin?"

"Matso min da shi, Malam," in ji Hajiya daga cikin waya. Ya matsar. Ta gyara tabarau. "Wannan ai kuɓewa ce. Har ta yi kyan kaɗi, kanwa kawai ta rage."

Na gode wa Allah da takunkumi, shi ya rufe min rabin kunya. Maman Hanif ta dube ni, ta dubi kwanon tuwon da ke gabanta, sai ta kama ciki tana dariya tana roƙon mu bari, ɗinki zai buɗe. "Shi ya sa! Tun jiya nake cewa miyar nan ƙamshin sabulun wanki take, na ɗauka hancin jego ne."

Ni na wanke matatar da tsohon buroshi, na kwashe yauƙin da cokali. Baban Hanif ya danna ɗan jan maɓallin da ke bayan injin (ni na gaya masa, a wannan karon da ƙaramar murya), zafi ya dawo. Kafin la'asar zannuwan goyo sun bushe. Hajiya ta sa min albarka, ta ce ko ba komai 'yarta ta ci abin da ranta ke so, amma don Allah kada in gwada daddawa.

Darasin da na ɗauka bai da yawa: in kin yi ɓarna, ki faɗa tun kafin ki zama gwanar bincike, don ke za ki kama kanki. Yarinyar yanzu ta shiga makaranta, sunanta Amatullahi. Ni kuwa ko a waya ta gaishe ni, Anti Kuɓewa take ce min, kuma ta ɗauka sunan yanka ne.