Ranar da Surukina Ya Tura Mota

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na sauya wa motata kafireta, abin da ke shayar da inji mai, ba. Tsohuwar a-kori-kura ce, tana jan kaya, amma shan manta ya ishe ni. Sai na ga wata 'yar ƙaramar kafireta a garejin Sabi'u bakanike a Tudun Wada, na ce ita nake so.

Sabi'u ya juya ta a hannu, ya ce, "Maigida, wannan ta ƙaramar mota ce. Mai kam ba za ta sha ba, amma in ka yi lodi za ka neme ni."

Na ce ya ɗaura kawai. (A lokacin ina ganin duk bakanike so yake ka yi ta dawowa.) Na zagaya gari da ita ba kaya, a miƙaƙƙiyar kwalta, na ji lafiya lau. Daga nan duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha labarin kafireta.

Har gidan surukina da ke wajen Burumburum na kai labarin. Shekara da shekaru wani direba, Haladu, ke kai masa masara kasuwa, abin kuma yana cina a rai. Surukin nawa dattijo ne da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Ranar ina durƙushe na ce, "Baba, bana a bar mini masarar nan." Ya ce, "To, Allah Ya kai mu."

Ranar kasuwa aka cika mota taf da buhuna, Baba ya zauna a gaba da farar rigarsa. Muka tsallake rafi, muka fara hawan da ke bayansa. A tsakiyar hawan na take totur har ƙasa, motar ta yi tari biyu, ta mutu. Na tayar, ta yi gurnani, ta sake mutuwa. Buhunan nan suka fara janmu baya, na danne birki.

Ba kowa a hanyar sai wasu mutum uku masu kekuna. Suka sa dutse a taya, suka tura, ta ƙi. Sai na ji an buɗe ƙofa.

"Baba, don Allah ka zauna!"

"In zauna in yi mata nauyi?"

Bai iya tuƙi ba, balle mu yi musanya. Haka na sake tayar da ita, na zauna a kujera riƙe da sitiyari, ina kallon uban matata a madubi, ya naɗe riga a kafaɗa, hula a aljihu, salansa na feshe shi da hayaƙi. Kunya ta kama ni.

Da muka hau, ya shigo yana haki, ya kakkaɓe rigarsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ashe man da aka rage, daga gwiwata za a cike shi."

Washegari Sabi'u ya mayar mini da tsohuwar kafiretata, yana ta fito abinsa. Yanzu duk abin da na saya, da lodi nake gwada shi, kuma kafin in buɗe baki. Masarar Baba kuwa, har yau Haladu ke kai ta.